Fumfunar da na nema a cikin ganyen masara

Kafin in shiga ɗakin gwaje-gwaje, abu ɗaya na sani game da Beauveria bassiana: fumfuna ce mai kashe ƙwari. Garinta, wato ƙananan ƙwayoyin irinta, yakan maƙale a jikin ƙwaro, ya tsiro, ya huda fatarsa, ya cinye shi daga ciki, bayan 'yan kwanaki a tarar da gawar ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari. Tun 1835 Agostino Bassi ya gano ita ce ke hallaka tsutsar siliki a Italiya, shi ya sa sunansa ya bi ta. Abin da ban sani ba shi ne tana iya shiga cikin shuka mai rai ta zauna lafiya lau, ba ta sa ganye ya yi ko ɗigon tabo ba. A 1991 Bing da Lewis suka nuna haka a jikin masara a jihar Ayowa ta Amurka, inda suke neman maganin tsutsar da ke huda kara.

Aikina shi ne in fesa wa masarar tukwane ruwan fumfunar, bayan mako biyu in bincika ko ta shiga. Ana tsinko ganye, a tsoma shi a etanol mai ƙarfin kashi 70, sannan a ruwan bilic, a ɗauraye sau uku da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a yayyanka shi ƙanana a jera a faranti mai ɗauke da abincin da fumfuna ke tsirowa a kai. Ranar da na ga farin zare yana fitowa daga bakin yankan, sai na ɗauki farantin da hannu biyu na nufi ofishin malamina.

Ya ɗaga shi saitin taga, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ina farantin ruwan ɗauraya na ƙarshe?"

Na ce, "Malam, ban shuka shi ba."

Ya ce, "To ta yaya za ka gane daga ciki ta fito, ba ragowar feshinka ba ce a bayan ganye?"

Abin ya yi mini ciwo, amma gaskiyarsa. Idan ruwan ƙarshe bai fitar da komai ba, a lokacin ne mutum ke da bakin cewa fumfunar a ciki take. Haka na sake aikin daga tushe.

Da na maimaita ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Fumfunar ba ta game shuka gaba ɗaya. Wannan ganye akwai, na kusa da shi babu, kuma da tafiya ta yi nisa sai ta riƙa raguwa. Tsutsotsin da na ciyar da ganyen ma yawancinsu ba su yi farin nan da nake jira ba. Ci kawai suka rage, girmansu ya ja baya. Masana na danganta wannan da sinadaran da fumfunar ke fitarwa, da kuma yadda zamanta ke zaburar da garkuwar ita kanta shukar. Saboda haka raina ba ya so in ji ana tallata ta kamar maganin feshi mai kashewa nan take. Manomin da aka yi wa wannan alkawari zai fesa, ya ga tsutsa na motsi washegari, ya yanke ƙauna daga abin da zai iya amfanarsa.

Wata fumfunar 'yar'uwarta mai suna Metarhizium kuwa a saiwa ta fi zama. A 2012 Behie da Bidochka da abokin aikinsu a Kanada suka nuna cewa takan kashe tsutsa a cikin ƙasa, ta janyo naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata don girma, daga gawar ta kai wa shuka, an kuma gano daga baya cewa shukar na biyan ta da sukari. Tun da na karanta wannan, ba na jefar da saiwa idan na tuge shuka. Ina wanke ta a hankali in yanka, in jera a farantinta daban, gefe guda kuma ga farantin ruwan ɗauraya da kwanan wata rubuce a murfinsa.