Ƙaramar mashayar unguwarmu a Sheffield

A Ingila maƙwabcinka yana iya shekara guda bai tako ƙofar gidanka ba, kuma babu wata ƙiyayya a ciki, haka suka taso. Ni da na girma a Jos, inda gaisuwa kaɗai kan tsayar da mutum a hanya, wannan shirun ya dame ni ƙwarai, musamman a watan Disamba da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, kowa ya shige gida ya ja labule. Wani abokin aikina ne ya lura da halin da nake ciki, ya ja ni zuwa wata 'yar mashaya da ke bayan layinmu.

Ɗaki ɗaya ne tal, a da shago ne, babu talabijin kuma babu kiɗa, sai dogayen benci da ke sa baƙo ya zauna kafaɗa da kafaɗa da wanda bai sani ba. Irin waɗannan ƙananan mashayu sun samo asali ne daga ƙauyen Herne da ke yankin Kent, inda aka buɗe ta farko a shekarar 2005 a wani tsohon shagon mahauci.

Abin da ke tara mutane a wurin shi ne giyar ganga, wadda ake yi da tsiron sha'ir da yisti da furen hop mai ɗaci. Ba a dafa ta bayan ta nuna don kashe yistin, ba a kuma ɗura mata iskar gas, saboda haka tana ci gaba da nuna a cikin gangar har ranar da za a sha. Mai gidan ya taɓa saukar da ni ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda yake ajiye gangunan a sanyin da bai wuce digiri 11 zuwa 13 ba, na ga yadda yake kwantar da kowace a kan karaga har gurɓin ya kwanta, sannan ya buga wani ɗan ƙusa na katako a samanta domin iska ta fita a hankali. Ƙaramar ganga tana cin kofi 72, kuma da zarar an buɗe ta, kwana uku ko kusa da haka take yi kafin ta yi tsami. Duk wanda ya san yadda matan garinmu ke dafa burkutu da dawa su sayar da shi kafin ya juya, zai gane irin kulawar da wannan sana'a ke bukata. Saura kaɗan manyan kamfanoni su kawar da giyar ganga su maye gurbinta da wadda ake tacewa a matse da gas, sai wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 domin kare giyar ganga, kuma a ganina sun yi abin a yaba.

Ba a zuwa tebur a tambaye ka abin da kake so, kai ne za ka je kanta ka duba allon da aka rubuta sunayen giyar ranar da alli, mai gidan ya ɗanɗana maka, sannan ya ja famfon hannu ya cika kofin. Idan kuna tare da jama'a, kowa yana da zagayensa na saya wa sauran, kuma wanda ya zame kafin nasa ya zo, ana lura da shi. Wani abokina Bakano da ba ya shan giya yakan raka ni wani lokaci, ya sha lemo, ya yi zagayensa kamar kowa, babu wanda ya taɓa matsa masa.

A kan waɗannan bencin na san wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe, shi ne ya koya mini yadda ake karanta takardar harajin ƙaramar hukuma, ya kuma haɗa ni da mai gyaran na'urar ɗumama ɗaki lokacin da tawa ta mutu. Yanzu idan na yi mako biyu ban leƙa ba, yakan aiko a tambayi lafiyata.