Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Turancin da Na Koya a Bariki

A makon jiya mun rabu a inda aka kwashe mu daga Zariya a ƙarshen 1967, bayan horon da aka gajarta saboda yaƙin basasa na Biyafara ya riga ya ɓarke tun watan Yuli, aka nufi da mu Inugu, wadda Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa ta kama a watan Oktoba. Kafin in shiga labarin bakin daga, dole in yi magana a kan Turanci, domin har gobe akwai masu ganin cewa wanda bai wuce aji huɗu na elementare ba bai isa ya tofa albarkacin bakinsa a kan wannan harshe ba.

Kawu, wanda ya yi yaƙin Bama, shi ne ya ja ni gefe a daren da zan bar gida, ya ce: "Ɗana, Turancin soja iri biyu ne, na ci gaba da na tsayawa, sauran duk na akawu ne. Kuma ka sani, soja ba ya tsayawa, tsayar da shi ake yi." A filin fareti na tarar da gaskiyarsa. Idan samanja ya daka tsawa ya ce "halt", ƙafa za ta daki ƙasa ta kafe nan take, ko da a kan ƙaya ta sauka. Idan ya ce "mark time", ƙafafu za su yi ta tafiya amma mutum yana wuri ɗaya, ba a ci gaba ba, ba a kuma huta ba. "As you were" kuwa soke umarnin farko ne, a koma yadda ake. Wadda muka fi tsoro ita ce mafi taushinsu a kunne, wato "carry on", domin hafsa ne yake faɗa wa samanja bayan ya karɓi gaisuwa, sa'an nan ya juya ya nufi inuwa, ya bar mu a rana a hannun mutumin da ba ya gajiya.

Yaya, da yake ya yi Midil har ya zama akawu a En'e, ya taɓa yi mini dariya a gaban surukaina lokacin da na zo hutu, wai ina cewa "kariyon" kamar sunan magani. Ya ce ai da "carry on" da "go on" da "continue" duk abu ɗaya ne, haka ma "stop" da "halt" da "cease". A littafi wataƙila haka ne, domin kwanan nan jikana mai sunan Kawu ya nuna mini nasa, na ga an jera su a layi guda. Amma wanda ya yi gadi da dare a daji, ya ji motsi a cikin duhu, ya ce "Halt! Who goes there?" yatsansa a kan kunama, ya san cewa a bayan wannan kalma akwai harsashi, alhali "stop" ko ɗan kamasho a tasha yana iya faɗinta.

A wancan zamani har sunan Shugaban Ƙasa an mayar da shi umarnin ci gaba, ana warware haruffan Gowon ana cewa "Go On With One Nigeria". Mun ci gaba kuwa, har Umuahiya, hedkwatar Biyafara a lokacin, ta faɗi a watan Afrilu na 1969. Ranar 12 ga Janairu, 1970, Philip Effiong, wanda ke riƙe da shugabancin Biyafara a lokacin, ya yi jawabin ajiye makamai a rediyo, aka tabbatar da shi a Legas ranar 15 ga wata. Mu abin da ya iso mana shi ne "cease fire". Waɗansu yara sabbin shiga sun ɗauka an ce a ɗaure kaya a tafi gida ne, ba su san cewa bakin bindiga kaɗai aka tsayar ba. Ni dai na tuna da maganar Kawu, na ci gaba da goge takalmina.

Shekarun da suka biyo baya na bariki ne kawai. Rundunar da ta kumbura ta kai kimanin mutum 250,000 aka shiga rage ta, ni ma nawa lokacin ya zo, aka tsayar da ni kamar yadda Kawu ya faɗa. An ba ni takarda mai ɗauke da kalmar "discharge", wato sallama cikin mutunci, wadda duk wanda ya taɓa sa kaki ya san ta sha bamban da "dismiss", kora saboda laifi. Da na iso gida, Yaya ne ya karɓi takardar a zaure, a gaban dattawan unguwa, ya gyara tabarau, ya ce an kore ni. Mutumin da ya ce duk kalmomin tsayawa ɗaya ne, da su ya yanka ni. Kawu ya riga ya rasu, babu mai ƙaryata shi, kuma Gwaggo ta koma ga Allah tana ɗauka cewa wani abin kunya na aikata a Gabas. Ban taɓa jin ya gyara wannan magana ba har ya bar duniya, Allah Ya jiƙansa. 'Ya'yansa sun yi jami'a, na kuma san suna bin wannan labari kowane mako. Takardar tana nan a cikin akwatina, duk wanda ya zo zan ɗauko masa ya karanta da kansa.