Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Littafin Yaya

A makon jiya na ce zan shiga labarin shekarun da na yi ina koyarwa. Ku yi mini haƙuri, maganar Yaya ce ta tokare mini a ƙirji, in ban fitar da ita ba sauran ba za su zo daidai ba.

Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Ta fara faɗa wa Yaya haka ranar da ya shigo gida rungume da agogon bango, bakinsa har kunne, wai ya kira gidan rediyo ya amsa tambaya ya ci. Duk muka taya shi murna. Inna kaɗai ta dubi agogon, ta dube shi, ta faɗi maganarta. Har yau bai sake cin abin da ya kai agogon nan daraja ba, sai riguna da huluna masu tambarin kamfani.

Daga nan ya sayi littafi mai bango baƙi. Kowane shafi ya ja masa layi: sunan gasa, ranar rufewa, ranar fitar da ƙuri'a, lambar da ya tura. Rubutun Yaya kyakkyawa ne, shi ya koya mini riƙe alƙalami, shi ya sa ganin wannan rubutu a wannan littafi yake ƙona mini rai. A ƙarƙashin gadonsa akwai buhun murafen kwalba da katunan da aka kankare. Yana sayen abin da gidansa ba ya buƙata don lambar da ke ciki. Layukan waya kuwa har a cikin akwatin ashana yake ajiye su, tunda wasu gasannin sau ɗaya kowace lamba ke shiga. Kowane saƙo da ya tura ana cire masa kuɗi fiye da na saƙon yau da kullum, amma in ka ce masa caca ce sai ransa ya ɓaci. "Ni ban taɓa zama a teburin karta ba," in ji shi. Malaminmu ya yi masa bayani a gabana, da lallashi, cewa duk inda mutum ya zuba kuɗinsa don ƙuri'a ta faɗo kansa, ya shiga abin da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta hana. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Washegari ya tura.

Abin da ya raba ni da shi shi ne sunana. Na fara samun kira daga mutanen da ban sani ba, masu talla, masu ba da bashi, masu cewa na ci kyauta. Ashe Yaya ya cika takardun gasa da sunana da lambata, da na matarsa, har da na Inna wadda ko karatun boko ba ta yi ba. Da aka koma Facebook abin ya ƙaru: kullum sai na tashi na tarar ya jero sunana a ƙarƙashin wata sanarwa, a yaɗa, a kira mutum uku. Yawancin masu shirya irin wannan ba kyauta suke rabawa don Allah ba, sunaye da lambobi suke tarawa, ko mabiya, wannan shi ne cinikinsu. Na same shi na ce, "Yaya, don girman Allah ka cire sunana." Ya ce, "Ke da zan ci mota in ba ki, shi ne kike mini haka?"

Kawu ya kira ni ya ce ba a yi wa babba haka. Gwaggo ta ce rowa ce, don na fara ɗaukar albashi. Na rubuta wannan ne don 'ya'yansu suna karantawa, su san ban manta ba.

Shekaru bayan haka 'yata, wadda ta karanci halayyar ɗan'adam, ta ba ni labarin wani masani ɗan Amurka, B. F. Skinner, da ya yi gwaji da tantabaru. Tantabarar da ake ba tsaba jefi-jefi, ba ta san yaushe za ta faɗo ba, ta fi kowace nacin saran maɓalli, ko an daina ba ta sai ta daɗe tana sara. Ta ce kusan ci ma yana ƙara wa mutum naci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar caca cikin jarabobi a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Na tuna daren da sunan Yaya ya fito cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, bai ci ba, amma ya kwana yana lissafin yadda zai ninka shiga. Lissafi ba ya kama shi. Na taɓa gaya masa cewa a babbar ƙuri'ar Powerball ta Amurka damar tikiti ɗaya kusan ɗaya ce cikin miliyan 292. Ya ce, "To ai wani ne yake ci."

Na yi gaba da yawa. Kiran motar ya zo ne Inna tana kwance a asibiti. Aka ce masa ya ci, sai dai ya biya kuɗin haraji da na dako kafin a kawo. Ya zo har bakin ɗakin da take, ya ja ni gefe yana raɗa, hannunsa na rawa. Na ce, "Yaya, wanda zai ba ka kyauta ba ya cewa ka fara biyansa. Wace gasa ce ma? Duba littafinka." Ya duba, babu ita a ciki. Duk da haka ya tafi wurin Kawu, Kawu ya ba shi. Lambar ta daina shiga tun kafin magariba. Inna ta ji komai ta bayan labule, da na koma ciki ta ce, da muryar da ta rage mata, "Na gaya masa maganar zomo." Kawu bai sake ce mini ba a yi wa babba haka ba, bai kuma taɓa cewa na yi gaskiya ba.

Tun daga lokacin na tsayar da ƙa'idata. Ba na ba Yaya kuɗi a hannu. Kuɗin makarantar yaransa makaranta nake kai wa, abin cefane kuma hannun matarsa. Na sauya lamba, na daina gardamar lissafi da shi, ban kuma yanke zumunci ba: ina zuwa gaishe shi, in ya ɗauko zancen gasa in tambaye shi ciwon ƙafarsa. Abu ɗaya na roƙe shi, ya ƙara layi a littafin ya riƙa rubuta abin da yake kashewa. Matarsa ta ce ya ja layin, amma bai rubuta komai a ciki ba tukuna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma makarantar da aka fara tura ni.