Inda aikin Fijo 504 ya tsaya: launi, taya da bakin mutane

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon gyaran tsofaffin motoci. Ga inda aka kwana a aikin Fijo 504 da na gada daga marigayi mahaifina. An gama walda, an rufe ƙarfen da firaima, wato shafen farko da ake yi kafin fenti, injin ya koma mazauninsa yana tashi da bugu ɗaya. Saura fenti, kujeru da wayarin. A wannan gaɓar ce shawarwari suka yi mini yawa, domin aikin ya iso wurin da ido ke gani, kuma duk wanda ya san motar tun tana hannun Baba yana jin yana da ta cewa. Ina ganin da yawa daga cikinku za su iso nan, shi ya sa zan ɗan tsawaita a kai.

Bari in fara da jiki. Motar salun ce ƙirar 1984, haɗin Kaduna. A Faransa an daina ƙera salun ɗin tun 1983, amma kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita shekaru masu yawa bayan nan. Da muka cire kafet da tabarmar roba, tsatsa ta ci ƙasan ƙafar direba, da gindin ƙofofin baya, da mazaunin batir, da kusurwar but inda ruwa ke kwanciya. In kun sayi irin wannan motar, ku ɗauki mayen ƙarfe ku bi jikinta da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, fila ce aka lafta, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi. Mai gyaran jikin da nake koyo a wurinsa ba ya yarda fila ta wuce kaurin milimita 3. Abin da ya fi haka, ko dai a buga ƙarfen ya dawo, ko a yanke a sa sabo. Falankin ƙasa da muka yi faci da shi daga wata matacciyar 504 muka yanko a Kasuwar Ƙofar Ruwa, don lanƙwasarsa ta zo daidai.

Injin shi ne mai silinda huɗu, cc 1971, wanda yake kwance a karkace. Abu ɗaya nake roƙon duk mai koyo ya riƙe: hannun rigar silindar wannan injin cirewa ake yi, ruwa ne ke zagaye da shi kai tsaye. Idan ka ɗaga tof silinda, kada ka juya injin sai ka danne hannayen rigar da ƙarfe da noti. In ɗaya ya motsa, abin da ke toshe gindinsa ya saki, ruwa zai gangara cikin baƙin mai, aiki ya koma farko. Tazarar bawul mun saita ta injin yana sanyi, milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Na kuma mayar da tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan injin, wanda wani ya cire tun da daɗewa kamar yadda aka saba yi a garejinmu da sunan maganin zafi. An wanke lagireto, an zuba ruwan sanyaya injin na gaskiya, domin kan injin alminiyon ne, ruwan rijiya kuwa cinye shi yake yi a hankali.

Masu ba ni shawara sun kasu gida biyu, kuma kowane gida yana da wanda nake jin nauyinsa. Gida na farko su Kawu ne, ƙanin mahaifina. Shi a wurinsa motar ta koma yadda ta fito daga Kaduna: fara, kujerun leda ruwan ƙasa, rediyonta na asali ko da ba ya kama komai. Ya zo gareji ya tsaya ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Kai yaro, wannan motar da ita aka kai mahaifiyarka asibiti ranar da aka haife ka. Fara na san ta." Na ce, "Kawu, na ji maganarku, ku ba ni lokaci in yi tunani." Ba maganar da za a amsa a tsaye ba ce. Mutanen zamaninsu sun ga lokacin da 504 ita ce motar gwamnati, ita ce burin ma'aikaci in ya samu bashin mota, ita ce ke cika tasha daga Kano zuwa Jos. In suka kalle ta, ƙuruciyarsu da 'yan uwansu da suka rasu suke gani.

Gida na biyu abokaina ne da yaran gareji. Su kuma so suke a cire injin a sa na Toyota, a sa faffaɗan rim mai ƙyalli, a sauke ta ƙasa, a baƙanta gilashi, a cika but da sifika. Hujjarsu ita ce tun da kuɗi ake kashewa, a kashe inda za a gani.

Na zauna na rarrabe maganganun. Abin da ya taimake ni shi ne tambaya biyu da nake yi wa kowace shawara. Wannan canjin, in na gaji da shi ko motar ta koma hannun wani, zai warware da sifana, ko sai an yi walda? Sannan mai maganar, lafiyar motar da ta mutanen cikinta yake faɗa mini, ko abin da idonsa ke so? In maganar lafiya ce ina saurara ko daga bakin ƙaramin yaron gareji ta fito. In maganar sha'awa ce, to ni zan shiga motar kullum, ni zan wanke ta, ni zan tsaya a gefen titi in ta mutu.

Canjin injin na ƙi shi, kuma ba don kishin asali kawai ba. A 504 sandar da ke kai ƙarfi baya tana tafiya ne a cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe akwatin giya da na baya suka zama abu ɗaya. Baƙon injin yana zuwa da baƙuwar giya, ita kuma ba ta san wannan bututun ba. Sai an yanka, an ƙera mazauni, an yi dabara a wurin da bai kamata a yi dabara ba. Na ga irin waɗannan motocin, suna tafiya, amma da rawar jiki da gurnani da ba a rabuwa da su. Tela ma sai ya auna sau da yawa kafin ya sa almakashi a shadda, don abin da aka yanke ba ya komawa. Injin da ke ciki kuwa duk bakaniken da ya kai shekara hamsin a Arewa ya san shi ciki da waje.

Rim ma haka. Ramukan tayar 504 huɗu ne a kan da'irar milimita 140, alhali yawancin rim masu rami huɗu da ke kasuwa yanzu 100 ne, ko 108, ko 114.3. Ba za su shiga ba sai an sa ƙarfen tsakiya ko an sake huda, ni kuwa ba zan ɗora iyalina a kan hudar da aka yi da ido ba. Ban da haka, daɗin wannan motar a ƙafarta yake. Doguwar tafiyar sifirin da taya mai kauri a kan rim inci 14 su ne suka sa take haɗiye gargada. Da wannan ƙafar Ove Andersson ya ci gasar Safari a Kenya a 1975, Hannu Mikkola kuma ya ci ta Maroko a shekarar. Wanda ya sauke ta ƙasa ya sa siririyar taya ya zubar da abin da ya sa duniya ta san ta. Rim ɗin ƙarfenta na asali aka goge, za a fesa musu ruwan azurfa, a mayar da murfinsu.

Inda na saɓa wa kowa shi ne launi. Ba fara zan yi ba. Shuɗi nake so mai duhu, irin na rinin baba, wanda yake ɗaukar ido kamar zai koma baƙi in rana ta yi ƙasa. Tun ina yaro nake wucewa ta marinar Ƙofar Mata, kuma rawani ɗan Kura shi ne abin da ya fi burge ni a hawan salla. Na sayi ƙyallen da aka rina aka buga, na kai wa mai haɗa fenti, muka yi ta gwadawa a kan gutsattsarin ƙarfe muna fita da su rana. A inuwar shago duk shuɗi ɗaya ne, sai a rana ake gane wanda ya karkata zuwa shunayya da wanda ya mutu. Ku riƙa gwaji a ƙarfen da aka shafa wa irin firaimar da ke jikin motar, don launin ƙasa yana canza na sama.

Kawu ya kawo hujjar da ba ta sha'awa ba ce, kuma na karɓe ta: mota mai duhu a ranar Kano tanda ce, wannan kuwa ba ta da na'urar sanyaya ciki. Gaskiya ne. Saboda haka rufin zai zama fari, farin da motar ta zo da shi, wanda muka samo ainihinsa a cikin murfin but inda rana ba ta taɓa shi ba. Za a kuma shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin silin. Da na koma na faɗa masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "To, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Allah Ya sa a gama lafiya." Bai ce ya ji daɗi ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Na san har yanzu fara yake so.

Launi mai duhu yana da nasa haraji. Ba ya ɓoye komai, ƙaramar lotsawa sai ta fito fili. Don haka muka koma gugar jiki. Samfefa mai lamba 80 don sassaƙe fila, 180 don daidaitawa, 320 a kan firaima, 600 da ruwa kafin fenti. A tsakani ana yayyafa baƙin fenti sama-sama a goge da dogon katako. Inda baƙin ya rage, rami ne. Aiki ne mai cin kafaɗa, amma a nan kyan mota yake, fentin sama sai dai ya nuna abin da ke ƙasa. Mai son canza launi ya tuna abu biyu: doka ta hana farar hula fesa wa motarsa koren soja, sannan launin da ke takardun mota dole a je a gyara shi ya dace da na jikinta. Baƙin gilashi ma sai da izinin 'yan sanda, ni kuwa ban ma so shi ba, don faɗin gilashin 504 da siraran ginshiƙanta suna cikin abin da ke sa tuƙinta daɗi.

Akwai canje-canjen da na yi waɗanda masu son asali ba za su so ba, duk da ba a ganinsu. Na cire kwantak, ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don ba da wuta, na sa na lantarki a cikin distributa, mai raba wa fulogi wuta, don in huta da saita tazara da gogewa. Fitilun gaba na bar gidansu yadda yake, domin waɗannan idanun masu kusurwa su ne fuskar motar, amma za a ja musu sabuwar waya mai kauri daga batir ta hanyar rile, wato ƙaramin makunni mai aiki da lantarki, a bar tsohon makunni yana ba da umarni kawai. Yaran gareji sun so a sa ƙwan LED. Na ƙi, saboda madubin cikin fitilar an ƙera shi ne don ƙwai mai zare. In aka sa wani iri, hasken warwatsewa yake yi ya kashe wa mai tahowa ido, kai kuma ba ka ƙara ganin hanya ba. An sake duk robobin birki da mansa. Kujerar baya za a sa mata bel. Duk abin da na cire, daga kwantak har rediyo da tsohuwar ledar kujera, yana cikin kwali da rubutu a jikinsa, ko da wata rana ɗana ya so mayar da ita yadda kakansa ya bar ta.

Kujeru su ne abin da nake kai yanzu. Na so jar fatar akuya irin ta Sakkwato da Maraɗi, wadda dukawa ke yin jaka da matashi da ita. Baduku dattijo da na kai wa maganar ya murza fatar a hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan ba za ta jure zama da tashi ba, ga rana ga gumi. Ka sa ta inda hannu ke taɓawa." Shawararsa na bi. Mazauni da majingina za a yi su da fatar saniya ruwan ƙasa, kusa da launin da Kawu ya sani. Jar fatar kuma za ta hau allon ƙofofi da rigar sandar giya, da ɗan zanen dagi ƙarami a kowace ƙofa, ɗinkin hannu. Ya gargaɗe ni cewa jan rini yana iya zuba a farar riga in an yi gumi, don haka na ɗauki gutsure na ajiye a kan dasbod ɗin wata mota yana shan rana, ina goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle lokaci zuwa lokaci in ga abin da zai yi.

Fenti sai mun yi sauri ko mu yi haƙuri. Hunturu ya kusa, kuma ƙurarsa in ta sauka a ɗanyen fenti mai duhu sai an sake gugewa. Na fi karkata ga biyan kuɗin ɗakin fenti mai rufi a fesa a can. Wanda zai fesa irin fentin da ake haɗawa da hadna, sinadarin da ke sa shi ya yi tauri, don Allah ya nemi abin rufe hanci na gaskiya mai matata, tsumma ba ya tare wannan gubar. Abin da nake nema yanzu shi ne robar gilashin gaba da ta baya. Na wurina sun bushe sun tsage, kuma ba na son in mayar da gilashi a kan sabon fenti da tsohuwar roba. Wani ya ce in duba Panteka a Kaduna, can zan nufa in an gama gugar ƙofofi. Wanda ya taɓa sa wa 504 giya biyar ta Fijo 505 kuma, ina son in ji yadda ya yi da tsawon bututun nan kafin in sa hannu.