A sa ɗalibi ya faɗa da baki kafin ya rubuta babi na ɗaya

Ranar difens, wato ranar da ɗalibin jami'a ke kare kundin bincikensa gaban malamai, kusan iri ɗaya ce a ko'ina. An kunna majigi, malamai uku ko huɗu suna zaune da kundi a gabansu, ɗalibi ya juya musu ƙeya yana karanta abin da ke jikin bango kalma bayan kalma. Da ya gama sai wani malami ya ɗago kai ya tambaye shi wace matsala ce takamaimai binciken nasa ya zo warwarewa. Nan ake yin tsit. A waje abokansa za su ce Turanci ne ya ba shi kunya. Amma a ja shi gefe a maimaita masa tambayar da Hausa, sau da yawa amsar ba za ta fito ba. Wanda bai san abin da yake nema ba, ko da harshen da ya sha a nono ba zai iya bayaninsa ba.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a raba koyar da rubutun bincike da koyar da gabatarwa. A sabon tsarin karatu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, darasin Turanci na GST 111 a aji ɗaya yake. Daga nan ɗalibi na iya kaiwa aji huɗu bai taɓa tsayawa gaban mutane ya yi minti biyar yana magana da Turanci ba, sannan a ce ya rubuta babi biyar ya kuma kare su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Matakin farko, tun kafin a amince da take, shi ne minti uku a tsaye ba takarda. Jami'ar Queensland ta Ostireliya ce ta fara gasar bayyana bincike cikin minti uku da shafin majigi guda a 2008, kuma dabarar tana aiki a ajinmu ko babu majigi. Ɗalibi ya amsa abu huɗu: me ke faruwa, me ba a sani ba game da shi, wa zan tambaya ko me zan auna, wa amsar za ta amfana. A bar shi ya fara da Hausa, sannan ya sake da Turanci. Idan ya iya da Hausa ya kasa da Turanci, matsalar harshe ce, kuma tana da sauƙin magani. Idan ya kasa duka biyun, taken ne bai nuna ba.

Galibi taken da bai nuna ba faɗi ne ya yi masa yawa. "Tasirin fasahar zamani ga kasuwanci a Najeriya" ba aikin wata huɗu ba ne, kuma babu wanda za a je a tambaya. Amma a ce za a duba yadda masu sayar da atamfa a Kantin Kwari suka koma karɓar kuɗi ta tiransfa da POS tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da abin da ke sa wasu har yanzu suka fi son tsaba, to an samu wuri, an samu mutane, an samu lokaci. Kano cike take da irin wannan: hatsi a Dawanau, rini a Ƙofar Mata, masana'antun fata a Challawa da Sharaɗa, 'yan adaidaita sahu.

Da take ya zauna, sai a zana jadawali a takarda guda mai gida huɗu: manufa, tambayar bincike, abin da za a tattara da yadda za a tantance shi, sai gurbin sakamako da za a cike daga baya. Manufa uku, tambaya uku, layi uku. Wannan takardar ita ce ƙashin bayan kundin. Mafi yawan gyaran da ake dankara wa ɗalibi ranar difens daga karyewar wannan layi yake fitowa: manufa huɗu a babi na ɗaya, sakamako uku a babi na huɗu, sannan shawarwari bakwai a babi na biyar waɗanda biyar daga cikinsu ba su da uwa a cikin bayanan da aka tattara. Duk shawarar da ba za a iya nuna teburin da ta fito daga gare shi ba, a soke ta.

Babi na biyu ne ya fi cin rai. Abin da aka saba gani shi ne jerin gwano: wane ya ce, wance ta ce, wane kuma ya ce, shafi ashirin ba muryar ɗalibin ko sau ɗaya. Maganinsa shi ma jadawali ne. Kowace maƙala layi guda: marubuci, shekara, inda aka yi aikin, mutum nawa, hanyar da aka bi, abin da aka gano, abin da aka bari. In an tara goma sha biyar zuwa ashirin daga shafukan intanet na neman maƙalu irin su Google Scholar da AJOL, sai a karanta jadawalin daga sama zuwa ƙasa. Nan ɗalibi zai ga da idonsa cewa huɗu sun yarda da juna, biyu sun saɓa, kuma kusan duk a Legas ko Ibadan aka yi su, a kan masu shaguna da suka yi boko. Giɓin da ake ta ce masa ya nemo ke nan. Sakin layi kuma sai ya tashi a kan batu, marubuta su shigo a matsayin shaidu.

Satar fasaha yawanci ba mugunta ke kawo ta ba, tsoro ne. Ɗalibi yana ganin Turancin marubucin ya fi nasa, sai ya kwafe ya canza kalma biyu. Manhajar Turnitin mai gano kwafe na kama wannan, malamin da ya san hannun ɗalibinsa ma yana kamawa. Atisayen da ke karya al'adar: ya karanta sakin layin sau biyu, ya kife takardar, ya faɗa wa na kusa da shi ma'anar da Hausa, sannan ya rubuta da Turancinsa, ya sa sunan mai aikin da shekara. Hausar da ta shiga tsakani ita ke raba shi da ginin jimlar asali. Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, a gaya musu gaskiya: suna iya ƙago sunan marubuci da maƙalar da babu ita a duniya. Duk madogarar da ɗalibi bai buɗe ya gani ba, kada ta shiga kundi. Tsarin rubuta madogara na APA bugu na 7 ya fito a 2019, a cikinsa marubuta uku ko fiye ana rubuta na farko da "et al." tun ambaton farko, kuma an daina sa garin da aka buga littafi. Manhajar Zotero mai tsara madogara kyauta ce, zama ɗaya na awa guda ya isa a koya musu ita.

A babi na uku abu biyu ke yawan tona asiri. Na farko, kalmar "will". An rubuta babin tun ana neman amincewa, an gama aiki ba a koma an mayar da shi "was" da "were" ba, sai kundi ya ce za a raba takardun tambayoyi alhali ga sakamakonsu a shafi na gaba. Na biyu, yawan samfur, wato adadin mutanen da za a zaɓa a tambaya daga cikin duka. Idan mutanen 1,000 ne, lissafin Yamane da kuskuren kashi 5 cikin 100 zai ba da 286, teburin Krejcie da Morgan na 1970 kuma 278. Kowanne aka ɗauka ya yi, amma ɗalibi ya san daga ina ya samo 1,000 ɗin, daga rajistar ƙungiyar 'yan kasuwa ne ko ƙidaya ya yi. Kuma wanda ya tsaya a bakin layi yana miƙa wa duk wanda ya ga dama takarda kada ya rubuta cewa zaɓen kan mai uwa da wabi na kimiyya ya yi. Ya faɗi abin da ya yi da sunansa. In masu amsawa da Hausa za su amsa, a fassara takardar tun a gida, a ba wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci a gwada, a kuma jarraba ta a kan mutum 20 zuwa 30 kafin a fita. Fassarar da ake yi a tsaye a bakin shago tana canzawa daga mutum zuwa mutum.

Sai gabatarwar kanta. Sassa sun bambanta, amma a ɗauka minti goma aka bayar. Mai magana a natse yana yin kalma kamar 120 a minti, wato kusan 1,200 gaba ɗaya, shafin majigi goma zuwa sha biyu. Rabon da ya fi dacewa: minti biyu ga matsala da manufofi, ɗaya ga ayyukan da suka gabata, biyu ga hanyar bincike, huɗu ga sakamako, ɗaya ga kammalawa. Ɗalibai kan kashe shida a shimfiɗa, a ce musu saura minti ɗaya suna bakin babi na huɗu, wanda shi kaɗai ne malaman ba su riga sun sani ba. Girman rubutu kada ya gaza 24. Kan kowane shafin sakamako ya zama jimla mai faɗin abin da aka gano, ba "Table 4.3" ba. Teburin da manhajar lissafi ta SPSS ta fitar kuwa ba a ɗauko shi ɗungurungum. A ciro lambobi uku ko huɗu da za a yi magana a kansu.

Lafazi ba ya buƙatar gyaran duniya. Ba wanda ke neman ɗan Kano ya koma Baturen Ingila, so ake a ji shi. Kowa ya fitar da kalmomi 15 zuwa 20 da zai fi maimaitawa ya yi ta bitarsu: population, sample, variable, hypothesis, respondents, percent. Harafin f na Hausa da leɓɓa biyu ake yinsa, shi ya sa p da f na Turanci ke cakuɗe mana. A riƙe 'yar takarda gaban baki: in aka ce p daidai za ta yi tsalle, f da v kuwa sai haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa. Inda kuskure ya fi tsada shi ne lambobi, domin fifteen da fifty ba ƙaramin bambanci ba ne a sakamako. A ja ƙarshen na farko, a danna farkon na biyu, lambar kuma ta kasance a rubuce a shafi.

Akwai kuma tarbiyya. An raine mu a kan sunkuyar da kai da sassauta murya gaban manya, kuma abu ne mai kyau, amma a ɗakin difens ana iya ɗaukarsa rashin sanin aiki. Dole malami ya faɗa ƙarara cewa a nan ɗaga kai ba rashin kunya ba ne. Wanda haɗa ido ke yi wa nauyi ya dubi goshin malaman, yana sauyawa daga wannan zuwa wancan. Masu ƙaramar murya a sa abokinsu a kujerar ƙarshe, ya ɗaga hannu duk lokacin da ya daina ji. Gaisuwa jimla ɗaya ta wadatar.

Aji mai mutum ɗari ba uzuri ba ne. A raba su biyar-biyar: ɗaya na magana, ɗaya riƙe da agogo, ɗaya na ɗaukar bidiyo da wayar mai maganar, biyu su zama malamai masu tambaya. Tambayoyin sanannu ne: me ya sa wannan wurin, me ya sa wannan adadin, ina shaidar wannan shawarar, me ka ƙara a kan na baya. A koya musu su maimaita tambaya kafin su amsa, su rubuta gyara ba musu, su kuma iya cewa "That was outside the scope of this study" a inda gaskiyar ke nan, maimakon kame-kame. Kowa ya kalli bidiyonsa shi kaɗai. Abin da zai gani ya fi jan biron malami shiga jiki.

Gwajin ƙarshe a yi shi ba majigi, domin ana iya ɗauke wuta a shafi na uku. Ɗalibi ya zo da aikin a PowerPoint da PDF, a filashi da kuma cikin wayarsa, da mahaɗin HDMI zuwa VGA saboda tsofaffin majigai, kwamfuta cike da caji. Ya buga shafukan shida-shida a takarda, kwafi biyar, tun jajibiri, don da safiyar difens layin shagunan buga takardu na bakin makaranta ba ya motsi.