Daga Akara zuwa Elmina da Cape Coast a yini guda

A ƙasar Gana, tsakanin Akara da Cape Coast kusan kilomita 150 ne, Elmina kuma tana gaba da wajen kilomita 13. A takarda tafiyar awa biyu ce da ɗoriya, amma a kan titi a ƙiyasta awa uku, wani lokaci huɗu. Wannan bambancin shi ke ɓata wa yawancin masu zuwa yininsu: su fito ƙarfe takwas, su isa rana tsaka, su zaga ɗaya daga cikin tsofaffin sansanonin cinikin bayi na Elmina da Cape Coast a gurguje, su koma cikin dare a gajiye. Yini guda yana isa a ga manyan sansanonin biyu da ƙauyen masunta ɗaya cikin natsuwa, da sharaɗin a yi sammako kuma a rage buri.

A fara da zaɓen rana. Laraba ko Alhamis sun fi. Ranar Talata masuntan wannan gaɓa ba sa shiga teku, al'ada ce tun kaka da kakanni, don haka za ka tarar da kwalekwale a ɗaure ana ɗinkin raga, babu hada-hadar sauke kifi da ta sa Elmina ta zama abin kallo. Asabar da safe motocin masu zuwa jana'iza da biki sukan cika hanyar fita Akara, Lahadi da yamma kuma su cika ta dawowa. A tsakiyar mako abin yana juyawa ya zo maka daidai: da safe jama'ar Kasoa suna kwarara cikin birni kai kana fita, da yamma suna fita kai kana shigowa.

Ana idar da sallar asuba a kama hanya, kada a wuce biyar da rabi. Manufar ita ce a bar mahaɗar Mallam da Kasoa da Budumburam a baya kafin gari ya waye sosai. Daga nan titin N1 zai bi da kai ta mahaɗar Winneba, mahaɗar Apam, Mankessim, Saltpond, Anomabo, har Cape Coast. Galibin hanyar mota ɗaya ce ke zuwa ɗaya ke dawowa, ga manyan tireloli masu zuwa Takoradi da iyakar Kwaddibuwa, ga tudun rage gudu a bakin kowane gari. Haɗarin wannan hanya daga wuce mota a kwana yake zuwa, saboda haka in hayar mota kuka ɗauka, ku gaya wa direba tun daga gida cewa ba a gaggawa. Wanda zai shiga motar haya ya nufi tashar Kaneshie, inda ake lodin Cape Coast da Takoradi. Ƙananan bas masu na'urar sanyi sun fi trotro, wato motocin haya na gama-gari, sauri domin ba sa tsaye-tsaye, sai dai kowacce sai ta cika take tashi, kuma wannan jira na iya cin minti arba'in. Ga mutum uku ko huɗu, haɗa kuɗi a ɗauki mota ta yini ya fi, domin ƙauyukan kan hanya ba sa ziyartuwa da motar haya sai da wahala. A yi ciniki a fili: mai na wa ne, awa nawa direba zai jira, da wuraren tsayawa ɗaya bayan ɗaya.

Kada a tsaya Cape Coast da farko, a zarce Elmina. Dalili biyu ne. Kasuwar kifi da safe take ci, kuma in ka fara da wuri mafi nisa, duk abin da ya rage yana kan hanyarka ta komawa gida.

Sansanin Elmina Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 ƙarƙashin Diogo de Azambuja, kuma zinariya ce ta kawo su tun kafin cinikin bayi ya rinjayi komai. Turawan Holan sun ƙwace shi a 1637, suka riƙe shi har 1872 da suka miƙa wa Ingila. Hukumar kula da gidajen tarihi ta Gana ce ke riƙe da shi yanzu, kuma yana cikin sansanonin gaɓar ƙasar da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Ana buɗewa wajen ƙarfe tara. Kuɗin shiga ya bambanta tsakanin ɗan ƙasa da baƙo, da tsakanin babba da ɗalibi, don haka a riƙe katin shaida, a kuma riƙe tsabar sidi (kuɗin Gana) ƙanana domin ba kullum biyan kuɗi ta waya ke tafiya ba. Ba a zagawa kai kaɗai a ɓangaren kurkuku. Ana tara mutane a haɗa su da ɗan jagora, zagayen kuma yakan ɗauki minti arba'in da biyar zuwa awa guda.

Abin da ya kamata mutum ya sa wa ido shi ne yadda aka jera ginin, wa ke sama wa ke ƙasa. A tsakar gidan akwai cocin da Fotugal suka gina, wanda Holan suka mayar wurin ciniki. Ta gefe akwai ɗakuna biyu na horo dab da juna: ɗaya na sojan Bature da ya yi laifi, mai taga da iska, ɗayan kuma an zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa a saman ƙofarsa, babu taga, nan ake kulle wanda ya yi tawaye har ya mutu. A ɓangaren mata akwai ƙaramin fili da barandar gwamna ke kallonsa daga sama, da matakalar katako da ke hawa zuwa ɗakinsa. Ɗan jagora zai faɗi abin da ake yi da wannan matakala, kuma gara a shirya wa yara kunne kafin a kai nan. Daga ƙarshe a sunkuya a bi ta wani lungu mai duhu zuwa ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Tsaga ce a jikin bango, mutum ɗaya take ɗauka, shi ma sai ya karkata kafaɗa. Ta cikinta ana hango kwalekwalen masunta a kan yashi. A bene kuma akwai ɗakin da Ingilishi suka tsare sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, kafin su kai shi Saliyo, daga can tsibirin Seychelles.

Cikin kurkukun akwai zafi da laima da wani wari da bai fita ba har yau. Mai asma ya riƙe maganinsa a aljihu, wanda ƙuntataccen wuri ke tayar wa hankali ya tsaya kusa da ƙofa. Ƙasan duwatsu ne marasa daidai, masu santsi lokacin damina, silifas ba ya yi. Sannan a tuna cewa cikin ayarin da za a haɗa ka da su akwai waɗanda suka taso daga Amurka ko Jamaika domin ganin inda aka fitar da kakanninsu, wasu suna kuka, wasu sun kawo furanni. Ba wurin raha da ɗaukar hoto ana dariya ba ne. A kashe ƙarar waya.

In an fito, a tsaya a kan gadar da ke bakin tafkin Benya. Nan ne zuciyar garin. Kwalekwale ne jere gefe da gefe, kowanne da fentinsa da tutocinsa da rubutu a jiki, an sassaƙa gindinsa daga gungumen itace guda aka ƙara katako a sama, da inji a maƙale a gefe. Maza suna miƙo kifi a manyan kwanoni, mata suna ciniki da ƙarfi da harshen Fante, a bayansu hayaƙin murhun banda yana tashi. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa kan yi sanyi ƙananan kifaye su yawaita, sai dai a wasu shekaru hukuma kan rufe kamun kifi na wani lokaci a wannan tsakanin, don haka a tambaya kafin a zo. Kada a ɗora kyamara a fuskar kowa ba tare da gaisuwa da neman izini ba. Matan kasuwar kifi ba sa ɗaukar wannan, kuma da gaskiyarsu. Samarin da ke bakin ƙofar sansani kuwa za su tambayi sunanka da fara'a, ka fito ka tarar an rubuta shi a jikin ƙwanson teku ana jiran kuɗi. In ba ka so, ka gaisa ka wuce ba tare da ba da suna ba.

Wanda ƙafarsa ke da ƙarfi ya hau tudun St. Jago da ke tsallaken gada, hawan minti goma ne. Daga kan wannan tudu Holan suka saita igwa suka ci sansanin a 1637, shi ya sa daga baya suka gina wani ƙaramin sansani a kai don kada a yi musu yadda suka yi. Daga sama ana ganin komai: teku, tafki, filayen gishiri, da fili fetal a gaban sansanin inda tsohon garin Elmina yake kafin Ingilishi su yi masa ruwan wuta a 1873. A waɗannan shekarun ne Ingilishi suka kawo sojojin Hausawa daga Legas zuwa wannan gaɓa, abin da ya zama ɗaya daga cikin tushen zangunan garuruwan bakin teku.

Wajen sha biyu da rabi a nufi Cape Coast. Azahar da abinci sun fi sauƙi a unguwar Kotokuraba, inda kasuwa da zango da masallaci suke. Ana jin Hausa, ana samun waakye (shinkafa da wake) da tuwo ba tare da tambaye-tambaye ba. Mai son abincin gaɓa ya nemi dokunun Fante (tuwon masara mai tsami) da soyayyen kifi da barkono. A gidajen abinci na cikin gari a tambayi abin da ke cikin miya, domin akan haɗa nama iri-iri a tukunya ɗaya. Nisan tafiyar ya kai na kasaru.

Sansanin Cape Coast ya faro ne daga ginin Turawan Siwidin na 1653, ya faɗa hannun Ingila a shekarun 1660, ya zama mazaunin mulkinsu a wannan gaɓa har 1877 da aka mayar da hedikwata Akara. Wasu kan ce in ka ga Elmina ka ga Cape Coast. Ba haka ba ne. Kurkukun maza na nan ya fi girma da zurfi: gangara ake yi cikin duhu zuwa ɗakuna a jere, hasken da ke shiga daga 'yan ƙananan huji ne can sama. Abin da kake takawa ba dutsen asali ba ne a wurare da yawa, dattin jikin mutane ne da ya taru ya daskare, kuma 'yan jagora kan nuna alamar inda ya kai a bango kafin a kankare wani sashe. A saman wannan kurkuku daidai aka yi ɗakin ibadar Turawan. A ɗaki na ƙarshe akwai wurin tsafin mutanen gari, a bakin hanyar ƙarƙashin ƙasa da aka toshe bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807. A tsakar gida akwai kaburbura, ciki har da na gwamna George Maclean da matarsa, da na Philip Quaque, ɗan ƙasar da ya yi aikin limancin coci da koyarwa a sansanin. Gidan tarihin da ke bene ya cancanci rabin awa, musamman taswirar hanyoyin da ake bi da mutane daga arewa zuwa teku. Wanda ya fito daga ƙasashenmu na arewa zai gane sunaye a wannan taswira, kuma zai gane cewa labarin bai tsaya a kan Turawa da mutanen gaɓa kaɗai ba.

Uku da rabi ta yi muku a mota. Saura tsayawa ɗaya, a zaɓa tsakanin biyu. Anomabo tana da sansanin William da Ingilishi suka fara ginawa a 1753, a tsakiyar gari, masunta na jan koma dab da bangonsa. Abandze, gaba kaɗan, tana da sansanin Amsterdam a kan tudu, ana hango shi daga titi. Rabinsa kango ne, amma kallon da ake yi daga kansa zuwa ƙauyen da bakin teku ya fi na ko'ina a hanyar. Daga sunan garin Kormantin da ke kusa da nan ne aka samo sunan da ake kiran bayin wannan gaɓa da shi a Jamaika. A irin waɗannan ƙananan wurare mai gadi ne ke riƙe da makulli, wani lokaci sai an aika yaro ya kira shi, a kuma ba shi ɗan abin goro bayan kuɗin shiga. Minti arba'in ya isa.

Teku a wannan gaɓa ba ta wasa. Ko inda ta yi kama da kwance, akwai jan ruwa ta ƙasa da ke fizgar ƙafa, kuma yawancin bakin ruwan babu masu ceto. A jiƙa ƙafa a tsaya nan, a riƙe hannun yara.

Dajin Kakum mai gadar igiya a saman itatuwa yana wajen kilomita 30 arewa da Cape Coast, kogin Assin Manso inda ake yi wa bayi wankan ƙarshe yana kan hanyar Kumasi. Masu shirya yawo sukan cusa ɗayansu cikin yinin, sakamakon kuwa shi ne a yanke Elmina ko a dawo tsakar dare. Mai son su ya kwana a Cape Coast ya yi su washegari da safe. A nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma nan take yake rufewa, ga motocin da suka lalace a gefen titi babu fitila. A yi ƙoƙari a wuce mahaɗar Winneba kafin magariba. Masu son tsaraba su tsaya minti biyar a mahaɗar Yamoransa, inda mata ke jera dokunun Fante a naɗe cikin busasshen ganyen ayaba. Yana kwana biyu ko uku bai lalace ba in ba a buɗe shi ba.