Akun da na saya a Farin Gada

Wata Asabar cikin hunturun bara na je kasuwar Farin Gada da ke Jos sayen tumatir da kabeji, sai na ga wani saurayi a gefen motoci riƙe da kejin waya, an lulluɓe rabinsa da buhu. Aku ne a ciki, mai ruwan toka da jar wutsiya, ya takure a kusurwa yana rawar ɗari. Gashin ƙirjinsa ya zube har ana ganin fata. Saurayin ya ce, "Alhaji, kai wa yara, nan da wata uku zai riƙa yi maka sallama." Ban taɓa sha'awar kiwon tsuntsu ba. Tausayi ne ya kama ni, na taya, ya sallama, na taho gida ina ganin na ceci rai.

Da yamma ƙanina ya leƙo. Ilimin dabbobi yake karantawa a Jami'ar Jos, kuma ya taɓa zuwa horo a cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum, wajen Laminga. Ya buɗe fukafukin a hankali ya nuna mini inda aka datse dogayen gashin da almakashi, ga kuma sauran danƙo a yatsun ƙafa.

"Yaya, daga daji aka kamo wannan," in ji shi. "Danƙo suke shafa wa rassan da akun ke sauka, a kurmin kudu ko na Kamaru. Kafin ɗaya ya iso Jos da rai, da yawa sun mutu a hanya. Kuɗin da ka ba yaron nan, da su zai sayo na gaba."

Maganar ta yi mini zafi, domin gaskiya ce.

Daren nan ya zaunar da ni a kan doka. Najeriya na cikin yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a Washington a 1973 don taƙaita cinikin halittun da ke gab da ƙarewa. A taron Johannesburg na 2016 aka mayar da irin wannan aku, tare da ɗankunya, cikin jerin farko, wato an haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe. A gida muna da dokar 1985, wadda aka gyara a 2016 aka ɗaga tarar daga naira 1,000 zuwa naira miliyan 5. Tun kafin su ma akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokar ba ta tsaya kan mafarauci da dillali ba, ta haɗa da wanda aka samu dabbar a hannunsa. Wato ni.

Na ce to gobe zan kai shi duwatsun Shere in sake shi. Ƙanina ya hana. Ba ya iya tashi, bai san abincin nan ba, sanyi ko shaho zai gama da shi kafin kwana biyu.

Mako uku muka yi muna jinyarsa a ɗaki mai ɗumi. Maman yara ta riƙa nemo masa kwakwar manja wurin masu sayarwa a kasuwa, da gwanda da ɗanyar gyaɗa. Ranar da ya fara riƙe kwakwa da ƙafa ɗaya yana ɓare ta da baki, duk gidan muka taru muna kallo. A lokacin ne kuma rabuwa ta fara yi mini wuya, tunda yara sun riga sun raɗa masa suna.

Duk da haka na nemi jami'an NESREA, hukumar da aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli. Gabana na faɗuwa na je. Sun tambayi inda na saya, da ranar, da nawa na biya, na rubuta komai ban ɓoye ba, sannan aka karɓe shi zuwa hannun masu kula da namun daji. Da na san haka tun farko, a tashar zan tsaya in ɗauki hoto in kira su, ba in zaro kuɗi ba.

Tun daga nan idona ya buɗe a kan wani abu. Muna yara, ungulu kan cika rufin mayanka. Yanzu sai in yi wata ban ga ko ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da suka fi kusa da ƙarewa a duniya. Kawunanta ake nema don haɗa magani, ina wuce su a shimfiɗe a kasuwa shekara da shekaru ban taɓa tambaya ba.

Bayan ƙaramar Sallah na sake ganin saurayin a wuri ɗaya, wannan karon da aku biyu. Ya gane ni, ya yi murmushi ya ɗaga kejin. Na ce masa, "Ɗana, wannan sana'ar za ta kai ka kotu." Ya kawar da kai. Na koma gefe na kira lambar da jami'an suka ba ni.